Yadda Ake Binciken Ƙasan Teku Kafin a Kafa Dandamalin Mai da Iskar Gas

Masu karatu da dama, musamman ɗaliban injiniyanci da na ilimin duwatsu da kuma waɗanda suka sami aiki kwanan nan a kamfanonin da ke yi wa masu haƙar mai hidima, sun yi ta tambayar yadda ake gane irin ƙasar da ke ƙarƙashin teku kafin a ɗora mata ginin ƙarfe mai nauyin dubban tan. Aikin kashi biyu ne waɗanda ba sa rabuwa. Akwai binciken da ake yi da sauti, wanda ke nuna siffar wuri mai faɗi amma ba ya faɗin ƙarfin ƙasa, akwai kuma binciken da ake yi da haƙa da soke ƙasa, wanda ke faɗin ƙarfin amma a ɗan wurin da aka taɓa kawai. Sauti ne ke nuna inda za a haƙa, haƙa kuma ita ke fassara abin da sauti ya nuna, saboda haka mafi yawan asarar da ake yi a wannan aiki daga birkita wannan jeri take fitowa. Misalan da ke ƙasa na ruwan Najeriya ne a Mashigin Tekun Gini, sai inda wani abu da ya faru a wata ƙasa ya fi bayyana haɗarin da ake magana a kai.

1. A fayyace abin da za a gina

Kafin a nemi jirgi ko ɗan kwangila, dole ne injiniyoyin gini su rubuta irin abin da za a kafa, domin shi ne ke ƙayyade zurfin binciken. Dandamalin ƙarfe da ake kafawa a ruwa marar zurfi, kamar waɗanda ke gaban gaɓar Akwa Ibom da Delta, yana tsayawa ne a kan turakun ƙarfe da ake bugawa cikin ƙasa, wani lokaci har su haura mita 100. Dandamalin haƙa mai ƙafafu, wanda ake janyowa a sauke ƙafafunsa a ƙasa sannan a ɗaga jikinsa sama da ruwa, ya fi damuwa da mita 30 zuwa 50 na farko. A ruwa mai zurfi kuwa, kamar filin Bonga da ya fara aiki a 2005 a ruwan da ya haura mita 1,000, ko filin Egina da ya fara a 2018 a ruwan da ya fi haka zurfi, ba a kafa komai tun daga ƙasa har sama. Jirgi ne babba yake shawagi yana raba ɗanyen mai da ruwa da gas yana ajiyewa, an ɗaure shi da sarƙoƙi a jikin manyan gangunan ƙarfe waɗanda ake zuƙe ruwan cikinsu har su nutse cikin laka. Bututun mai shi ma da nasa buƙatun: mita 2 zuwa 5 na sama sun ishe shi, amma a tsawon kilomita masu yawa.

A kula: idan masu zane ba su tsayar da wurin ginin ba tukuna, a faɗaɗa filin binciken tun farko. Matsar da dandamali da mita 200 bayan jirgi ya tafi yana nufin sake kiran jirgin, a sake biyan kuɗin zuwansa.

2. A tattara abin da aka riga aka sani

Wannan mataki a ofis ake yin sa, kuma shi ne mafi araha a cikinsu duka, amma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ana tattara taswirorin jiragen ruwa, bayanan girgizar sauti da aka ɗauka lokacin neman mai, rahotannin rijiyoyin da aka haƙa a kusa, da kundin bututu da wayoyin sadarwa da ke kwance a yankin. Idan wani dandamali mai ƙafafu ya taɓa tsayawa a wurin, a nemo bayanin zurfin da ƙafafunsa suka nutse, domin wannan gwaji ne na gaske da wani ya riga ya biya kuɗinsa. Daga waɗannan takardu ake fitar da hasashen farko na jerin ƙasar, a kuma rubuta haɗurran da ake zargi: iskar gas da ke kusa da fuskar ƙasa, tsoffin hanyoyin kogi da laka ta binne, tsagewar ƙasa, gangaren da zai iya zaftarewa, da tarkacen ƙarfe.

A kula da tsarin lambobin wuri. Tsoffin taswirori da bayanan mai na Najeriya da yawa an gina su ne a kan ma'aunin Minna, alhali na'urorin tauraron ɗan adam na yau suna aiki da WGS 84, kuma lamba ɗaya a tsarin biyu tana nuna wurare biyu da ke da tazarar mita masu yawa a tsakaninsu. Wanda ya cakuɗa su zai iya haƙa ramin gwajinsa a gefen inda za a kafa ginin, ko ya jefa anka a kan bututun da yake zaton yana can nesa. A rubuta tsarin da za a yi amfani da shi da lissafin juya ɗayan zuwa ɗayan a cikin takardar kwangila, kuma a gwada lissafin a kan wani wuri sananne kafin jirgi ya bar tasha.

3. Izini, lokaci da kuɗi

A Najeriya hukumar NUPRC, wadda Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta kafa, ita ke kula da ayyukan nema da haƙar mai. Akwai kuma batun tantance tasirin aikin ga muhalli a ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, da sharuɗɗan dokar 2010 ta bai wa 'yan ƙasa fifiko wadda hukumar NCDMB ke sa ido a kai, da dokar 2003 ta zirga-zirgar jirage a ruwan cikin gida wadda ke hannun hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta NIMASA kuma ta shafi duk jirgin waje da za a shigo da shi. A fara neman waɗannan takardu watanni kafin ranar aiki. Haka kuma a tsara batun tsaro da rakiyar sojojin ruwa, a sanar da masunta da sauran jirage, kuma a tabbatar kowane ma'aikaci yana da takardar horon ceton rai a teku da ta lafiyar jiki waɗanda ba su ƙare ba.

Lokacin aiki yana da tasiri a kan kuɗi fiye da yadda sababbin shiga ke zato. A gaɓar Afirka ta Yamma igiyar ruwa mai tsawo da ke tasowa daga kudancin Tekun Atalantika ta fi ƙarfi a tsakiyar shekara, wajen watan Yuni zuwa Satumba, kuma ita ce ke hana haƙa ko da sama ta yi garau. Daga Nuwamba zuwa Maris teku ya fi kwanciya, sai dai hazo yana rage gani, yana kuma hana jirgi mai saukar ungulu tashi a wasu ranaku.

Kuɗin aikin kashi huɗu ne: kuɗin kawo jirgi da mayar da shi, kuɗin kowace ranar aiki, kuɗin ranakun jira, da kuɗin gwaje-gwaje da rahoto. Hayar jirgin haƙa ramukan gwaji takan kai dubban daloli goma-goma a rana guda, ta kuma fi ta jirgin binciken sauti nesa ba kusa ba. Idan jirgin daga Turai ko Asiya zai taso, kuɗin zuwansa kaɗai zai iya yin kankankan da na aikin, shi ya sa kamfanoni kan haɗa ayyukansu su yi hayar jirgi ɗaya idan ya shigo yankin. A ganina inda aka fi samun rigima shi ne ranakun jira, saboda haka a rubuta a fili tsayin igiyar da idan ta kai za a dakata, da wanda zai biya idan yanayi ne ya tsayar da aiki, da wanda zai biya idan na'ura ce ta lalace.

4. A daidaita na'urori kafin a fara

Ana gwada na'urorin gano wuri a tasha, a Onne ko Legas, a kan wani tabo da aka san lambobinsa. Ana auna tazarar kowace na'ura daga tsakiyar jirgi a rubuta. Idan aka fita teku ana bin layi ɗaya a tafi a dawo a kan gangare ko wani abu da ke kwance a ƙasa, domin a gano karkatar na'urar auna zurfi a gyara ta cikin lissafi. Sannan ana zura na'urar auna gudun sauti daga sama har ƙasa. Sauti yana gudun kimanin mita 1,500 a sakan cikin ruwan teku, amma zafi da gishiri da zurfi suna canza shi, kuma kusa da bakin Kogin Kwara, inda ruwan daɗi ke kwarara cikin teku, canjin yakan faru cikin 'yan sa'o'i. A maimaita wannan awo sau da yawa a rana. Alamar an yi sakaci da shi ita ce a ga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta fito a taswira gefunanta sun lanƙwashe sama ko ƙasa.

5. Taswirar fuskar ƙasa

Jirgi yana bin layuka a jere a hankali, kimanin kilomita 7 a sa'a, da wasu layukan da ke gitta su domin a riƙa kwatanta awo. Na'urar auna zurfi mai harba sauti kamar mafici tana ba da siffar ƙasa da gangarenta. Sona mai duban gefe, wato na'urar da ke zana hoton ƙasa da amsa-kuwwar sauti, wadda ake ja a bayan jirgi kusa da ƙasa, tana ba da hoto inda ake ganin bututu, tarkace, jirgin da ya nutse da sawun anka. Na'urar maganaɗisu tana gano ƙarfen da laka ta rufe, kuma dole a ja ta nesa da jirgi domin ƙarfen jirgin kansa kada ya ruɗe ta. A Tekun Arewa na Turai wannan na'ura ce ake dogaro da ita wajen neman bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu da ba su fashe ba, a ruwanmu kuwa abin da ta fi ganowa shi ne tsoffin bututu da sarƙoƙi da kayan da suka faɗo daga jirage.

A ruwa mai zurfi na'urar da ke jikin jirgi ba ta ba da hoto mai kyau saboda nisa, sai a ɗora na'urorin a kan ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa marar matuƙi wanda ke tafiya 'yan mita goma-goma sama da ƙasa. A nan ne ake ganin abubuwan da gangaren tekun Neja Delta ya yi suna da su: ramuka zagayayyu da iskar gas ko ruwa ya huda ya fito, tuddan laka da ke aman taɓo, da kwazazzabai. Duk inda aka ga irin wannan rami a ɗauka akwai abin da ke motsi a ƙarƙashinsa har sai an tabbatar da akasin haka.

A kula: layukan su riƙa hawa kan juna yadda babu gurbin da ya rage, musamman ƙasan sona daidai, inda ba ta gani. Wakilin mai aiki da ke cikin jirgi ya duba bayanan kowace rana, ya sa a sake duk layin da bai yi kyau ba tun jirgi yana wurin.

6. A leƙa ƙarƙashin ƙasa da sauti

Ƙa'idar ɗaya ce: sauti mai kaifi yana nuna sirara-siraran shimfiɗu amma ba ya nisa, sauti mai kauri yana nisa amma ba ya bambance ƙananan abubuwa. Saboda haka ake haɗa na'urori biyu ko uku. Ƙaramar na'ura takan ratsa mita goma-goma a laka mai laushi, amma 'yan mita kaɗan a yashi mai tauri. Mai tartsatsin lantarki takan kai mita 100 ko fiye. Idan kuma za a haƙa rijiyar mai a wurin, ana jan doguwar igiya mai makirufo da yawa tare da bindigar iska, wato na'urar da ke sakin matsattsiyar iska cikin ruwa domin ta ba da sauti mai ƙarfi, a duba har wajen mita 1,000 a ƙarƙashin ƙasan teku. Kafin a kunna bindigar iska masu lura da dabbobin teku sukan duba na aƙalla minti 30, sannan a fara da ƙaramin ƙarfi a riƙa ƙarawa cikin minti 20 domin kifayen whale da dolfin su samu su kauce.

Babban abin da ake nema a nan shi ne iskar gas da ta taru a cikin yashi kusa da fuskar ƙasa. A hoton sauti takan fito da haske mai ƙarfi fiye da na kewayenta, abin da ke ƙarƙashinta kuma ya dushe ko ya ɓace. Haɗarinta shi ne ana cin karo da ita tun kafin a ɗaura na'urar toshe rijiya. A watan Oktoba na 1985 dandamalin haƙa na West Vanguard ya ci karo da irin wannan gas a tekun Norwe, ta kufce ta kama da wuta, mutum ɗaya ya rasa ransa. Haka nan a ruwa mai zurfi da sanyi gas kan haɗu da ruwa ya daskare kamar ƙanƙara a cikin laka, kuma idan mai mai zafi ya riƙa wucewa ta bututu ko rijiya kusa da shi zai narke, ƙasar da aka auna da ƙarfi ta koma taɓo.

Abu na biyu shi ne tsoffin hanyoyin kogi. A zamanin da ruwan teku ya ja baya koguna sun yanka kwari a inda yake teku a yau, daga baya laka mai laushi ta cike su. Idan ƙafa ɗaya ta dandamali ta faɗa cikin irin wannan kwari, sauran kuma suna kan yashi mai tauri, ba za su nutse daidai ba. Na uku shi ne gangare. A 1969 guguwar Camille ta motsa lakar bakin Kogin Misisipi ta lalata dandamali a Mashigin Tekun Meziko, a 2004 kuma guguwar Ivan ta jawo zaftarewar da ta kayar da dandamalin kamfanin Taylor Energy ta binne rijiyoyinsa, mai ya yi ta tsiyaya shekaru da yawa. Darasin aiki a nan shi ne kada a taƙaita bincike a ƙafar ginin kawai, a haɗa da gangaren da ke sama da shi, ko da yana da nisan kilomita.

7. A zaɓi wuraren gwaji

Sai an fassara bayanan sauti, ko da fassarar farko ce, sannan a tsayar da inda za a haƙa. Kowace shimfiɗa da aka gani a hoto ana so a taɓa ta aƙalla sau ɗaya, kuma a ƙara gwaji a inda hoto ya nuna canji. Ga dandamali mai turaku ana haƙa rami a tsakiyar wurin, tare da ƙarin gwaji a kusurwoyi idan ƙasar ba iri ɗaya ba ce, kuma ramin ya wuce inda ake sa ran ƙarshen turke zai tsaya. Ga dandamali mai ƙafafu ramin ya wuce zurfin da ake hasashen ƙafar za ta nutse da aƙalla faɗin tafin ƙafar sau ɗaya da rabi.

A kula: kada a tura jirgin haƙa wurin da masu fassara ba su ba da takardar cewa babu gas da tarkace a cikinsa ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tura jiragen biyu lokaci guda domin a rage kwanaki, sai a ƙare da ramuka a wuraren da ba su amsa wata tambaya ba.

8. Soke ƙasa da ɗibar samfuri marar zurfi

Gwajin da ya fi kowanne amfani shi ne wanda ma'aikata ke kira CPT. Sanda ce ta ƙarfe mai kai mai tsini, faɗin fuskar kan santimita murabba'i 10 ko 15, wadda wata na'ura mai nauyi da aka ajiye a ƙasan teku ke turawa da gudun santimita 2 a sakan ba tsayawa. Tana auna abu uku a lokaci guda: turjiyar ƙasa a tsinin, gogayya a gefen sandar, da matsin ruwan da ke cikin ƙasar. Yashi yana ba da turjiya mai yawa da ƙaramin matsin ruwa, yumɓu mai laushi yana ba da akasin haka, kuma da yake awon ba ya yankewa ana iya ganin siririyar shimfiɗar da haƙa za ta tsallake. A lakar ruwa mai zurfi, wadda ta yi laushin da tsinin ba ya jin ta sosai, ana sauya kan da mai siffar ƙwallo ko mai sandar gicciye. Wannan yana da muhimmanci a Mashigin Tekun Gini, inda lakar ke ɗauke da ruwa mai yawa ƙwarai, kuma sau da yawa mita na farko ko na biyu ya fi abin da ke ƙarƙashinsa ƙarfi, abin da ke shafar yadda bututu zai kwanta.

Domin samfuri, ana sakin bututun ƙarfe mai nauyi ya nutse cikin laka da kansa, ko a yi amfani da mai girgiza idan yashi ne, wanda yakan ɗebo mita 3 zuwa 6. Akwai kuma akwatin da ke yanko fuskar ƙasa ba tare da ya dagula ta ba.

A kula: a cire iska gaba ɗaya daga matatar da ke auna matsin ruwa kafin a zura sandar, kuma a rubuta karatun sifili kafin gwaji da bayansa. Idan karatun biyu suka yi nisa da juna a sake gwajin. A laka mai laushi ƙaramin kuskure a nan yana iya zama rabin ƙarfin da ake aunawa.

9. Haƙa mai zurfi

Jirgin haƙa yana da rami a tsakiyarsa da hasumiya a kai, yana kuma tsayawa wuri ɗaya da injinansa ko da anka huɗu. Ana sauke firam mai nauyi a ƙasan teku, a zura bututun haƙa ta cikinsa, wata na'ura kuma tana shanye hawa da saukar jirgi domin bakin haƙa ya zauna daram. Ana haƙa kaɗan a tsaya, a zura na'ura ta cikin bututun a tura siririn bututun samfuri ko sandar CPT cikin ƙasar da ba a taɓa ba, a janyo, a ci gaba. Ramin mita 100 zuwa 150 yakan ɗauki kwanaki ana aiki dare da rana. Inda kuɗi ya ba da dama, abin da ya fi shi ne ramuka biyu kusa da juna, ɗaya na samfuri zalla ɗaya na CPT zalla, domin idan aka riƙa musanya su a rami guda kowanne yana barin giɓi.

Giɓin nan ne ke ɓoye haɗarin da masu dandamali mai ƙafafu suka fi tsoro, wato ƙasa mai tauri a sama da mai laushi a ƙarƙashi. Kamar busasshen taɓon fadama ne bayan damina, wanda samansa ke ɗaukar mutum har ya saki jiki sannan ya fashe da shi. Ƙafar dandamali takan tsaya a kan yashi mai kaurin 'yan mita, ana ƙara mata nauyi sai ta huda shi ta zurma mita da yawa cikin ɗan lokaci, dandamalin ya karkace, ƙafar ta lanƙwashe. Duk inda aka ga ƙarfin ƙasa ya ragu yayin da zurfi ke ƙaruwa, a tsaya a ƙara gwaji a ƙarƙashin kowace ƙafa.

A ajiye na'urar shinshinar gas a bakin ramin, kuma kowa ya san abin da zai yi idan kumfa ta fara tasowa a kewayen jirgi. Idan an gama a cike ramin da siminti inda akwai zargin gas, kuma kada a haƙa shi daidai inda turke zai shiga.

10. Kula da samfuri da gwaje-gwaje

Da zarar samfuri ya hau jirgi injiniya yana bayyana launinsa da irinsa, a ɗauki hoto, a auna ruwan da ke ciki da nauyinsa, a yi gwajin ƙarfi na gaggawa. Sauran ana naɗe shi a rufe da kakin zuma ko makamancinsa, a rubuta lambar rami da zurfi da kibiyar da ke nuna sama, a ajiye shi a wuri mai sanyi inda girgizar inji ba ta kai masa. Samfurin da ya bushe, ko ya daskare, ko ya sha jijjiga a bayan mota daga tashar jiragen ruwa zuwa ɗakin gwaji ya riga ya lalace, kuma lambobin da za a samu daga gare shi ba na ƙasar da ke teku ba ne. Idan aka ga samfuri yana kumbura yana tsattsagewa da kansa, alamar gas ce, a rubuta a sanar nan take.

A ɗakin gwaji ana tantance girman ƙwayoyin ƙasa, da danƙon yumɓu, da ƙarfinsa a ƙarƙashin matsi irin wanda yake ciki a teku, da yadda yake matsewa idan nauyi ya daɗe a kansa. Ana kuma yi masa gwajin turi da saki sau ɗaruruwa, domin haka igiyar ruwa ke yi wa gini. Wannan mataki yakan ɗauki makonni ko watanni, a sa shi cikin jadawali tun farko.

A kula da yashin da ya samu daga ɓawon halittun teku. A ido da ma a wasu gwaje-gwaje yana kama da yashi mai ƙarfi, amma yana murƙushewa idan ana buga turke, sai ya kasa riƙe shi. A 1982, lokacin kafa dandamalin North Rankin A a arewa maso yammacin Ostareliya, turakun sun riƙa zurmawa da nauyin kansu a irin wannan ƙasa, kuma gyaran harsashin ya ci shekaru da kuɗi masu yawa. Ɗigon asid a kan samfuri yana nuna shi, domin zai yi kumfa, daga nan sai a auna yawansa a ɗakin gwaji.

11. A haɗa bayanan a rubuta rahoto

Yanzu ake ɗora sakamakon ramuka a kan hotunan sauti, a ga wane layi ne ya dace da wace shimfiɗa, a gyara zurfin da aka ƙiyasta da gudun sauti. Masanin duwatsu da mai fassarar sauti da injiniyan ƙasa su zauna tare a kan wannan, kada kowa ya rubuta nasa ya miƙa. Ana fitar da rahoto iri biyu: na abin da aka auna ba ƙari, da na fassara, wanda ke ba da lambobin zane, tsawon turaku, nauyin gudumar da za ta iya buga su, zurfin da ƙafafu za su nutse, da yadda ruwa zai iya kwashe yashi daga gindin ginin. Ƙa'idojin da aka saba ambata a kwangila su ne ISO 19901-8 na binciken ƙasa, ISO 19901-10 na binciken sauti, da ISO 19905-1 na dandamali masu ƙafafu.

A kula: ƙaramar lamba ba kullum ce mai aminci ba. Wajen lissafin nauyin da turke zai ɗauka ana amfani da ƙarfi mafi ƙanƙanta, amma wajen lissafin ko turken zai shiga ana amfani da mafi girma. Wanda ya ɗauki ƙaramar a duka biyun zai kawo guduma marar ƙarfi, turke ya tsaya a rabin hanya jirgin ɗaga kaya yana cin kuɗin haya. Rahoto ya ba da iyaka ta ƙasa da ta sama da ta tsakiya, ya kuma faɗi inda za a yi amfani da kowacce.

12. A sake dubawa kafin kafawa

Tsakanin bincike da gini akan ɗauki shekara ɗaya ko fiye. Shimfiɗun ƙasa masu zurfi ba sa canzawa a wannan lokaci, amma fuskar ƙasa tana canzawa: yashi yana ƙaura, wani ya shimfiɗa sabon bututu, kaya sun faɗo daga jirgi, ko wani dandamali ya tsaya ya tafi ya bar ramukan sawunsa, waɗanda ke iya jan sabuwar ƙafa ta zame ciki. Saboda haka ana sake bin wurin da sona ko da na'ura mai kyamara gab da isowar ginin. A lokacin kafawa kuma a rubuta adadin bugun guduma a kowane kwatan mita, ko zurfin ƙafa a kowane matakin ƙara nauyi, a kwatanta da hasashen rahoto. Idan suka saɓa sosai a dakata a kira injiniyan ƙasa kafin a ci gaba, sannan a ajiye waɗannan bayanai a kundin filin tare da rahotannin binciken.